Rabon Gadon Kwamfutocin Kawu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya tafi ana tsakiyar bazara, da hantsi, bayan ya shanye kununsa ya ce a miƙo masa tabarau. Kafin a miƙo, rai ya yi halinsa.

Ina cikin gida wajen mata duk kwanakin zaman makoki, kunnena kuwa bai huta ba. Matan unguwa suna ta tuna yadda suke aiko da wayoyinsu caji bai taɓa ɗaure fuska ba. Wata tsohuwa ta hawo babur tun daga Makoda, ta yi kuka har muryarta ta dishe, wai shi ya tayar mata da rediyon mijinta bayan kowa ya ce ta jefar. Tsofaffin abokan aikinsa na Kano suka zo da motoci, suka ce ba a yi mai haƙuri da na'ura irinsa ba. Amma abin da ya tsaya mini a rai daga zaure ya fito. Manoma ne, an shafa fatiha, sai wani dattijo ya sassauta murya ya ce, "To bana wa zai gaya mana ranar shuka?" Aka yi masa caa, wai mutum ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba shi yana zancen gero. Ni da labarin ya iso mini ban ji haushi ba ko kaɗan. Wallahi daɗi na ji, don a duk yabon da aka yi wa Kawu babu wanda ya kai wannan tambayar. Ita ta sa na zauna nake rubuta wannan, don kada a manta wane ne shi, kuma a san yadda muka kusa rasa aikinsa a hannun magadansa.

Kawu wan mahaifiyata ne. Ya yi rayuwarsa yana kula da ɗakin kwamfuta a wata babbar makaranta a Kano, har ya yi ritaya ya dawo ƙauyenmu, nan gefen hanyar Minjibir, inda gona ke jingine da gona, katanga ke jingine da katanga. Ranar da motarsa ta shigo da kaya, mutane sun ɗauka injin niƙa ya sayo. Da aka yaye tamfol sai ga tsofaffin kwamfutoci da ya tsinto a gwanjo, wasu ko murfi babu. Inna, matarsa, ta dube su ta dube shi ta ce, "Malam, wannan ce ladan aikin naka?" Ya ce, "Ita ce, kuma ki share musu shagon da ke jikin zaure." Ya jera su, ya kafa sola a kan rufi. Ni yau malamar kwamfuta ce a makarantar 'yanmata, kuma a wannan shagon na koyi rabin abin da nake koyarwa.

Abin da ya ɗora su a kai kowane manomi a nan ya san ciwonsa. Ruwan farko kan yaudare mu. A yi ruwa mai kyau, kowa ya ɗauki sungumi ya shuka, gero ya tsiro, sai sama ta ɗauke. Tsiron ya ƙone, a koma neman iri. Kawu yakan sauko da bayanan iska da gajimare waɗanda masu nazarin yanayi ke sakewa kyauta a intanet, ya ba kwamfutocinsa su lissafa wa yankinmu ko ruwan zai ɗore ko fari ne a bayansa. Lissafin da nauyi. In kwamfuta ɗaya ka bar wa, kafin ta gama an ci tumun bana. Dole sai su taru su yi tare.

Da misalin aikin gayya yake yi wa mutane bayani. "Kowace kwamfuta gida ce," in ji shi. "A cikin ƙwaƙwalwarta akwai ƙwayoyi, wata huɗu wata takwas, su ne majiya ƙarfin gidan. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita kuwa, ita ce mai rabon kunyoyin gona. In mai rabo bai iya ba, sai ka ga mutum ɗaya yana gumi, bakwai suna inuwa."

Irin manhajojin nan guda biyu yake gwadawa, kuma bai taɓa kiran su da sunan da masu su suka raɗa musu ba. Ta saye, mai kyan fuska da yawan ado, ita ce Mai Babbar Riga. Ta kyauta, wadda sai ka rubuta mata umarni da hannunka, ita ce Mai Gajeren Wando. Zai share kwamfutocin tas ya ɗora ɗaya, ya ba ta aiki, ya zauna yana kallon ƙwayoyin nan a allo, wace ke aiki wace ke hamma. Gobe ya share ya ɗora ɗayar, ya ba ta aikin nan dai. Shekara da shekaru yana wannan. In ka kuskura ka ce masa wance ta fi, sai ya zame tabarau zuwa ƙarshen hanci ya ce, "Ta fi a ina?" Ko tuwon Inna ka yaba sai ka sha wannan tambayar.

Sau ɗaya muka yi faɗa na gaske, kuma a kan gwajin nan ne. Kawu yana son Mai Gajeren Wando kamar ɗan da ya haifa, kullum ita ke cinyewa a hannunsa. Wani hutu na zauna tare da shi ina kallo, sai na lura da safe yake gwada ta, da sanyi, bayan ya dawo daga masallaci. Ita kuwa Mai Babbar Riga sai ya dawo daga gona, rana ta take, kwanon rufi ya ɗauki zafi kamar tanda. Kwamfuta in ta ji zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ni kuma bakina ba ya riƙe magana. Na ce, "Kawu, wannan ai ba gwaji ba ne, zalunci ne. Ka ba ɗanka inuwa, ka tura ɗan wani rana, sannan ka ce naka ya fi noma."

Tabɗi! Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce, "Ni za ki kira azzalumi? Ke da na koya wa riƙe sukundireba?" Ya nuna mini ƙofa. Na fita ina gunaguni, na ce in gaskiya ce laifina to na yi. Ya daina amsa gaisuwata sai da ka. Mahaifiyata ta ce in je in ba shi haƙuri, na ce zan durƙusa a kan kalmar da na yi amfani da ita, amma zafin kwano ba ni na ƙirƙire shi ba.

Ban kai ga zuwa ba sai na hango shi a kan tsani yana shimfiɗa zana a saman kwanon, ya jera randunan ruwa a jikin bango. Ya watsar da sakamakon shekarun baya gaba ɗaya, ya faro daga farko, kowace manhaja da safe, kowace da rana. Da ya gama ya aika aka kira ni, ya fita majalisar ƙofar gida inda manoma ke shan iska, ya tsaya a gabansu ya ce, "Jama'a ku shaida, na zalunci Mai Babbar Riga. A kwamfuta ɗaya ba ta da laifi, wani sa'in ma ita ke gaba. 'Yar nan ce ta kama ni." Babu wanda ya gane wa ake nufi. Wani ma ya ɗauka dagaci ne, ya fara cewa ai a je a ba shi haƙuri tun maganar ba ta yi nisa ba. Na yi dariya har da hawaye, shi ma ya yi, faɗa ya ƙare.

Bai tsaya nan ba. Ya ce gwaji a ɗaki ɗaya gwajin 'yan gata ne. Ya sayo doguwar waya ya kai kwamfuta ɗaya ɗakin ajiyar harawa, wata gidan maƙwabci. Ana tsakiyar aiki sai ya zare wayar da gangan ya ga abin da zai faru. A nan ne Mai Gajeren Wando ta nuna kanta da gaskiya: ba ta cinye ƙarfin ƙwayoyin wajen yi wa kanta ado, kuma in layi ya yanke ya dawo, tana ɗorawa daga inda ta tsaya. Ya kuma sauya yadda yake raba aikin. Maimakon su riƙa tambayar juna kowane motsi, sai kowace ta yi nata hasashen ita kaɗai ta aiko da amsa, a tara a ga inda suka fi rinjaya. Na ce, "Kawu, wahalar me kake sha, ga su duk a gabanka?" Ya ce, "Son sani ne. Miƙo mini filaya."

Liman ya taɓa zuwa har shago ya same shi a kan maganar. Ya ce, "Malam, ana cewa kana faɗin ranar ruwa, ka san wannan sanin na Allah ne." Kawu ya ba shi kujera ya ce, "Allah gafarta Malam, in ka ga shamuwa ta sauka a kan kuka, me kake cewa?" Liman ya ce damina ta kusa. Kawu ya ce, "To ni ma kallon nake, nawa idon ne dai ya fi hangen nesa. Ban taɓa cewa za a yi ba, cewa nake ya fi karkata." Tun daga ranar Liman ne da kansa yake sanar da mutane bayan salla, ya rufe da in Allah ya so.

Wanda bai taɓa shiga shagon ba shi ne babban ɗansa, taubashina, wanda nake kira Alhajin Dawanau don a can yake da rumfar hatsi. Iri yake kawo wa ƙauyukanmu, kuma shekarar da aka yi shuka biyu ita ce shekararsa. Yakan ce wa mahaifinsa cikin raha, "Baba, kai da 'yan akwatunanka kuna kashe mini kasuwa." Kawu ya ce, "Allah ya ƙara kashe ta." Ni kuwa in muka haɗu ba na raga masa. Ina cewa shi kaɗai ne a dangi yake addu'ar fari, shi kuma ya ce ni ce matar da kwamfuta ta aura.

To, Kawu ya rasu, aka sa kwaɗo a shagon. Haka ake yi, kayan mamaci ba a taɓa su sai an raba, balle akwai autarsa da ba ta balaga ba, haƙƙin marainiya ne a ciki. Fankokin da suka yi shekaru suna kuka suka yi tsit. Ni 'yar ƙanwa ce, ba ni da ko igiyar waya a gadon, ba ni da ta cewa. Ga shamuwa ta iso, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na bi na addabi Liman, safe da yamma, har ya tara magada ya ce a yi rabon da wuri.

A nan aka yi mini abin da ban zata ba. Na roƙa a bar kwamfutocin a wuri ɗaya, kowa ya san nasa da baki. Liman ya ce a'a. Kowa sai ya ɗauki rabonsa ya kai inda yake iko da shi, ya tabbata nasa ne, daga baya in ya ga dama ya bayar. In ba haka ba gobe 'ya'yansu ne za su yi shari'a. Dattawa suka ce haka aka saba. Aka buɗe shago aka fara fito da su kamar ana raba tumaki, har da faifan sola da batir. Inna ta sami nata, 'ya'yansa mata biyu da ke aure a unguwar suka sami nasu, ƙaramin ɗansa ya ɗauki nasa, na auta aka damƙa wa Inna amana. Manyan kuwa, masu ƙwaya takwas-takwas, waɗanda su ne ƙashin bayan aikin, suka faɗa rabon Alhajin Dawanau. Ina tsaye ya sa aka loda su a bayan motarsa.

Raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Na tare shi a ƙofar gida na ce, "Burinka ya cika, ko? Je ka sayar da su a kilo, bana ka sayar da iri sau uku!" Ya buɗe baki zai yi magana na ce kada ya gaya mini komai. Ya girgiza kai ya ja motarsa. Na leƙa shagon, babu komai sai teburin Kawu da shatin ƙura inda kowace ta zauna. A nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da na share hawaye sai na tuna gidajen nan duk katanga ɗaya ce ta raba su. Na ɗauko doguwar wayar Kawu, na bi gida-gida. Ba wanda ya hana ni. Mazan 'yan matan suka hau katanga suna ja, aka ratsa ta kan rumbu, aka ɗaure a reshen darbejiya don kada awaki su ci. Na ɗora wa kowace Mai Gajeren Wando. Inna tana takaba ba ta fita, tata da ta auta suna ƙarƙashin gadonta, ta ce in zafi ya yi ita za ta riƙa yi musu fifita.

Sai ga ruwa da sassafe, mai yawa, har kwari ya cika. Kafin rana ta ɗaga kowa ya fito da sungumi da ƙwaryar iri. Liman ya roƙe su su dakata zuwa la'asar ta gobe, suka yarda da ƙyar, don laimar ƙasa ba ta jiran kowa. Na sauko da bayanai na raba wa kwamfutocin, suka kama aiki, duk ƙwayoyinsu a cike, babu mai hamma. Amma da na duba saurin da suke yi, sai na ga ba za su kai ba. Ƙanana ne. Kafin su gama ƙasa ta bushe, mutane sun daɗe da shukawa, kuma daga ranar ba wanda zai sake jiran maganar shagon Kawu.

Ina zaune a tsakar gidan Inna na rasa abin yi, wayata ta yi ƙara. Alhajin Dawanau ne. Ko sallama bai gama ba ya ce, "Ke matar kwamfuta, wace waya ake sakawa a wane rami? Na jera su, na tayar da janareta, na sayo ɗan akwatin intanet, amma sun zuba mini ido."

Na ce, "Ba ka sayar ba?"

Ya ce, "In sayar da me? Sitona rufinsa da tsawo, akwai sanyi, wuta ba ta yankewa. Abin da na so in gaya miki ke nan, bakinki bai bar ni ba."

Na ce, "Alhaji, ka san in suka ce a jira, bana iri sau ɗaya za ka sayar."

Ya ce, "Na fi ki sani. Shuɗiyar ko baƙar?"

Haka muka yi ta fama a waya, ni ina faɗa shi yana danna abin da ban ce ba, ina ce masa mai kan buhu yana ce mini mai bakin reza. Can sai ga su suna bayyana a allona ɗaya bayan ɗaya, daga Dawanau, manyan nan na Kawu. Na saki guɗa a gidan da ake takaba, Allah ya yafe mini. Layin ya yanke ya dawo ba sau ɗaya ba, ko gezau, suna ɗorawa daga inda suka tsaya. Amsoshi suka riƙa shigowa daga ƙarƙashin gadon Inna, daga ɗakunan 'yan mata, daga cikin buhunan wake a Dawanau. Washegari kafin a kira la'asar sun haɗu, kuma mafi yawansu bakinsu ɗaya: fari na tafe, a jira.

Liman ya sanar. Aka yi gunaguni, mutum biyu-uku suka shuka abinsu, sauran suka mayar da iri rumbu. Sama kuwa ta ɗauke kamar ba ta taɓa sanin ruwa ba. Ƙauyukan da ke kewaye da mu tsironsu ya fito kore shar, ya ƙone a tsaye. Da hadari ya sake haɗuwa muka sake ba su lissafi, suka ce wannan ya fi karkata ga ɗorewa. Muka fita gaba ɗaya, maza suna sara mata da yara suna zuba iri suna takewa. Shuka ɗaya muka yi bana. Yanzu da nake rubutun nan geronmu ya rufe mutum, in ka shiga gona sai an kira ka da murya.

Kwanan baya wani mutum ya tsaya da babur a ƙofar gidan Kawu, daga ɗaya daga cikin ƙauyukan da tsironsu ya ƙone. Ya kwance wani abu a cikin buhu daga bayan babur. Tsohuwar kwamfuta ce, ta ƙaninsa da ke aiki a birni, ta daɗe a kan rumbu kaji suna kwana a kanta. Ya ce, "Malama, an ce a nan ake gayya. A sa tamu a ciki, baɗi a riƙa tunawa da mu." Na buɗe ta na hure ƙura, na sa mata wuta, fankarta ta yi tari ta kama. Ƙwaya huɗu, duka da rai. Na tsaya ina tunanin gidan wa zan kai ta, sai Inna ta yi magana daga bayan labule.

Ta ce, "Wannan ai ba ta gado ba ce. Buɗe shagon ki ɗora ta a kan teburinsa."

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya masa makwanci, ya sa kowace zangarniyar da ta fito bana ta zame masa nauyi a mizani. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.